Ranar da Na Kori Mai Jan Hanci

Ni ne ban kyauta ba, kuma tun a ranar na sani.

A ƙarshen shekarun casa'in ina sarin jakunkuna a garin Shiling na ƙasar Sin ina aikawa Kano. 'Yata mai shekara shida ta kwanta asibiti a Guangzhou, aka yi mata aiki a ciki. Bayan aikin ta ƙi abinci. Likita ya ce in ba ta ci ba, babu sallama, sai dai a yi ta ƙarin ruwa.

Wata la'asar wasu ɗaliban jami'a suka shigo ɗakin yaran, fuska shafe da farin fenti, don su ba marasa lafiya dariya. Ɗaya baƙi ne, dogo, da jan hanci na roba. Da ya ji muna Hausa, sai ya ɗauki kwanon kunun shinkafar 'yata, ya durƙusa yana yi wa kunun kirari da Hausar Nijar, kamar ɗan kama ya ga tuwo. Yaran Sinawa ko kalma ba su ji ba, amma suna ta ƙyaƙyatawa. 'Yata ta yi dariya tana dafe da ciki, ta buɗe baki ta karɓi cokali.

Na ce, "Kai, ajiye kwanon nan. Za ka farke mata ɗinki."

Ba ɗinkin ne ya dame ni ba. Kunya na ji, Bahaushe da gemunsa yana rawa a gaban Sinawa. Na ƙara masa da cewa iyayensa karatu suka turo shi. Ya cire hancin ya sa a aljihu, ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Alhaji." Bai sake leƙo ɗakinmu ba.

Ta koma ƙin abinci. Na yi lallashi, na yi faɗa. Daga ƙarshe na ja labule, na kifa samfurin jakar mata a kaina, na yi ɗan tsalle-tsalle. Ta zuba mini ido har na gama, ta ce, "Baba, ka zauna, za ka faɗi."

Ranar Juma'a na same shi a masallacin Huaisheng yana alwala, da sauran fenti a bayan kunne. Ashe ɗakinmu kaɗai ya daina zuwa. Na tsaya har ya wanke ƙafa.

Na ce, "Ƙanena, ni ne na asibiti. Na ci mutuncinka ba ka yi mini komai ba, ka yafe mini. Na gwada aikin naka, ban iya ba. In hancin nan yana nan, kunun ma yana nan, ba ta taɓa ba."