Gyaran da Taubashina Ya Yi wa Kwamfutata

Shekarun baya, ina sakataren wata ƙungiyar makiyaya a nan Tahoua, yayana da ke aiki ƙasar waje ya aiko mini da kwamfuta irin wadda ake kwancewa gunduwa-gunduwa. Batir, allo, madannai, har diskin da ke riƙe da aikin mutum, kowanne ana zare shi a sa sabo da ɗan turnabis guda, abin kwance noti, da ya zo cikin kwalin. Jiya wani ya tambaye ni a wannan dandalin ko irinta ta cancanci saye don aikin yau da kullum. Na fara rubuta masa amsa, sai tsohon haushi ya dawo mini.

Ni da bakina na jawo. Babu wanda ban kwance kwamfutar nan a gabansa ba. A biro, wato ofis, na kwance, a majalisa na kwance, har mahaifiyata da ba ruwanta sai da na nuna mata cikinta. Ta leƙa ta ce, "To, Allah shi sa albarka," ta ci gaba da tankaɗenta. Wanda ya fi kowa zuba ido shi ne ɗan kawuna, taubashina, mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwa. Tun muna yara hulata tasa ce, takalmina nasa ne, kuma in na yi fushi ni ake yi wa dariya, don ba a fushi da taubashi.

A bazarar shekarar ciyawa ta ƙare da wuri. Wani furoje na agaji ya ce zai kawo dusa, amma sai mun ba da sunan kowane mai dabba da lambar katinsa. Na yi makonni bisa moto, wato babur, tsakanin Kalfu da Barmou ina bin rugage. Littafi ma na daina ɗauka, wai ni ɗan zamani, kai tsaye nake bugawa a kwamfuta. Ko a kile, ɗan filashin nan na ajiya, ban kwafa ba. Na ɗauka abin da ake iya gyara kowane sashinsa ba ya cin amanar mutum.

Can arewa da Barmou na sauka rugar wani dattijo. Maƙwabtansa duk sun ɗaure kaya za su yi arewa neman ciyawa. Ya dafa mini shayi, ya ce, "Ɗana, hwaɗa mini gaskiya. In dussag ga tana zowa, in zamna. In ba ta zowa, in bi mutane tun shanuna suna iya tahiya."

Na ce, "Baba, zamna. Ga sunanka nan ciki, ba ya ɓacewa." Har na juya masa allon ya gani, shi da ba ya karatu.

Saura kwana huɗu a miƙa sunaye aka yi mana rasuwa a Bambeye. Na bar kwamfutar a ɗakin mahaifiyata na tafi. Washegari da na dawo na kunna ta, sai na ga komai fes kamar ranar da ta fito daga kwali. Babu dosiye ko ɗaya cikin aikin da na adana. Ina tsaye ina zufa, sai ga taubashina ya shigo yana washe baki, turnabis ɗina a aljihun rigarsa.

"Kai baƙauye, ka ga aiki? Kullum kana kukan diskinka ya cika. Na sa maka wanda ya ninka shi, kyauta. Yi mini godiya."

Na ce, "Ina tsohon?"

"Wane tsoho? Na hormate shi, na share komi, na sa ma wani direba, tun jiya ya yi Agadas. Ba kai ka ce komi nata ana hiddawa a sake ba?"

Wallahi ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Sunayen mutane, lambobinsu, yawan dabbobinsu, ya goge su kamar mai share alli a allo, kuma yana jiran godiya. Ko tambaya bai yi ba. Mutumin da sana'arsa ke nan, wanda ya fi ni sanin abin da ke zama cikin diski! Shi a ganinsa kayan taubashi ne, ba a neman izini.

Mahaifiyata ta fito da sauri. "Sake shi! Ɗan kawunka na, wasa ta tsakaninku. Mi mutane za su ce?" Ita ta buɗe masa ɗakin, don a wurinta hana shi shiga abin kunya ne. Na sake shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har gobe: ni aka yi wa ɓarna, ni kuma aka sa na ba da haƙuri a gaban kawu.

Kwana ukun da suka rage na yi su bisa moto da littafi da biro, abin da na raina. Na sake bin ƙauyukan kusa, na kira duk wanda ke da waya. Rugar dattijon ita ce mafi nisa, babu rezon waya, kuma lokaci ya ƙare mini. Na rubuta sunansa da ka, babu lambar kati. Da takarda ta dawo, an soke duk sunan da ba shi da lamba.

Ranar rabo a Barmou dattijon ya zo da jakuna biyu da buhunan da zai zuba dusa. Aka kira sunaye har ƙarshe. Ya matso kusa da ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, ko ka duba cikin abin nan naka? Ni na gani da idona." A lokacin shanunsa sun riga sun kasa doguwar tafiya. Kafin ruwa ya sauka, wasu sun kwanta, sauran ya sayar wa mahauta.

To, mai tambaya, ga amsarka. Kwamfutar tana nan, da ita nake rubuta wannan. Na sake mata batir, na sake madannai da shayi ya zube a kai, ban taɓa kai ta wurin kowa ba. Ta wannan fuska ta biya. Amma ka sani, abin da ke buɗe maka cikin sauƙi, haka yake buɗe wa duk wanda gidanku ke jin kunyar hanawa. Ka kwafe aikinka wuri biyu, ka ɓoye turnabis, ka kuma rufe bakinka, kada ka yi irin tallar da na yi.

Ni da taubashina mun shirya, muna gaisawa, yana ma tsokanata a wurin biki. Ban sake mayar masa da wasa ba, kuma ya lura.

Dattijon kuwa nakan gan shi ranar kasuwar Barmou, yana kora awakin wani. Bai taɓa yi mini maganar ba. Kullum shi ke fara miƙo mini hannu, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, sannan ya nuna jakata da haɓa ya ce, "Ina abin nan naka? Yana nan lahiya?"

Sai in ce masa lafiya lau yake.