Kanta da Kantaba

Ranar wata Laraba da kaka, ina 'yar shekara tara, tun Nasara ba su san hanyar Birnin Gwari ba, na yi suɓutar bakin da har yau nake jin nauyinta. Ina dakan dawa a gindin tsamiyar gidanmu, kakana Malam Audu yana gefe yana tufkar igiyar rama.

Tsohon nan yana saurayi aka sace shi a dajin Gayam, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har aka ƙetare teku da shi zuwa Kuba, ya yi shekaru yana saran rake. Da ya fanshi kansa sai ya dawo gida da tabon bulala a baya da Sifaniyanci a baki, amma 'yarsa Mariya tana can hannun ubangijinta. Duk cikin jikoki ni ya zaɓa ya koya wa yaren, wai ni ce amaryarsa, ni kuwa in ce Allah ya raba ni da miji mai wawulo. Kantar, in ji shi, rera waƙa ke nan. Kanta, tana waƙa yanzu. Mu yi ta ƙyalƙyala dariya, ina tsokanarsa da cewa, kanta kuma, kan wa? In kuma aka ɗaura wa kalmar jela, aka ce kantaba, to abin da aka saba yi ne a da, ya wuce. Da bugun taɓarya na haddace su: kantaba ni, kantabas kai, kantaba ita, kantabamos mu, kantaban su. Ni da ita kalma ɗaya ce, sai mai magana ya san wa yake nufi. Shi kuwa kullum da hantsi, in tsuntsayen daji suka ɗauki kuka, sai ya kalli kudu ya ce, "Mariya kanta."

Ran nan daɗin lugude ya ɗebe ni, na ɗaga murya na rera, "Mariya kantaba!"

Igiyar ta suɓuce masa. "Ke! Wa ya gaya miki? Tofar da yawun nan!" Na tofar. Can ya ce, kamar da wani yake magana, "Hausa tana da tausayi. Ka ce tana waƙa, ba mai tambayarka jiya ko yau. Yaren can kuwa likkafani yake naɗa wa kalma." Kwana uku bai taɓa tuwo ba, ni kuma wallahi na ɗauka bakina ne ya kashe ta a bayan teku.

Bayan damina biyu ya kwanta ciwon ajali. Da azahar na kai masa kunu, ya riƙe hannuna, ya daɗe yana sauraron tsuntsaye, sannan ya ce, "Kantaba." Bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada.

Yanzu tsamiyar ta faɗi, jikokina in sun ji ina daka da waɗannan kalmomi sai su ce tsufa ne. Ba kowa a garin nan da zan tambaya. Har yau ban san ba ko kansa yake nufi ko ita.