Awa Uku da Rabi na Trina Pardy

Trina Pardy ba ta san makara ba, kuma duk ƙauyensu na bakin teku a Newfoundland zai shaide ta. Tana shekara sha shida ta shiga masana'antar gyaran kaguwa, kullum ita ce ta farko a bakin ƙofa, tana hararar masu zuwa da gudu. Da aka rufe masana'antar, sauran mata suka zauna zagin gwamnati. Ita kuwa ta koyi tuƙin tifa, irin wadda tayarta kaɗai ta fi mutum biyu tsawo, ta bi mazan garin zuwa wurin haƙar mai a Alberta, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Sati biyu can, sati ɗaya gida, yau shekara tara ke nan. Mijinta Cyril masunci ne, mai sanyin hali, sai dai kunnensa a buɗe yake ga kowa, balle uwarsa Effie.

To, wannan Trina ce, tana shekara arba'in da biyu, 'yarta tilo har ta shiga jami'a, ta wayi gari da ciki.

A kicin ta gaya wa Cyril, yana yanka burodi. Ta zaci zai yi dariya ko ya dafe kai. Sai ya ajiye wuƙar a hankali.

"Ba kina shan ƙwayar hana ɗaukar cikin nan ba?"

"Kullum. Bakwai na safe waya ta buga, in haɗiye."

"To ta yaya?"

"Ni na haɗa ta? Je ka tambayi masu yi."

Tun daga ranar ya daina haɗa ido da ita. Kafin Lahadi maganar ta isa gidan Effie, kafin Litinin ta isa kanti. Mutanen nan ba sa fitowa fili. Sai dai a tambaye ta da murmushi, wai maza nawa ne ma a sansanin aikin nasu? Effie da kanta ta zo da kwanon miya, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"'Yar nan, ni ba abin da nake nufi. Amma mai shan magani ba ta ɗaukar ciki. In kin daina sha kin ɓoye wa mijinki, ai dole mutum ya yi tunanin me kuma aka ɓoye, tunda rabin shekara ba kya nan."

"Mama, ƙwayar ta san fuskar ɗanki ne? Shi take hana wa, ta ƙyale wani?" Trina ta miƙa mata murfin kwanon. "Na gode da miya. A gaida gida."

Bakinta dai bai mutu ba, amma abin ya ci ta ƙwarai. Surutun kanti ko a jikinta. Cyril ne damuwarta, mutumin da ta haɗa gado da shi shekara ashirin da ɗaya, yana yawo a gidan kamar baƙo, yana jira wani ya gaya masa ko matarsa maƙaryaciya ce.

Ranar awo, nas Bernadette ta duba hoton cikin, ta duba kalanda, ta ce an same shi ne a ƙarshen satin da Trina take gida. Sannan ta tambayi irin ƙwayar. Trina ta ce likita ya canja mata wata biyar da suka wuce saboda hawan jini.

"Wannan ba ta da haƙuri irin ta da," in ji nas ɗin. "In kika wuce lokacinta da awa uku, kamar kin tsallake ne. Ƙarfe nawa kike sha?"

"Bakwai na safe. Ban taɓa kuskurewa ba."

"A Alberta ma?"

"Bakwai, da zarar waya ta buga."

"Wayar taki da kanta take komawa agogon can?"

Nan take Trina ta gano inda matsalar take. Ita da ke yi wa sababbin ma'aikata dariya in suka kira gida a lokacin barci, ita ce ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Bakwai na Alberta goma da rabi ne a gida. Duk safiyar farko bayan ta sauka daga jirgin sama a Alberta, ta makara da awa uku da rabi tana ganin ita ce sarauniyar kiyaye lokaci.

Bernadette ta yi mata bayani ba kwana-kwana. Irin wannan ƙwayar ba kullum take hana ƙwai fita ba. Maniyyi kuma yakan rayu a jiki har kwana biyar. In kwanciyar ban-kwana da miji ta faɗo daf da fitar ƙwai, washegari kuma magani ya makara, an bar ƙofa a buɗe. "Ba zan rantse miki shi ne dalili ba," ta ce. "Akwai wadda ba ta makara ko sau ɗaya, ta samu. Amma in za a tambaye ni, nan zan nuna."

Daga asibiti Trina ta wuce bakin teku inda jiragen masunta ke tsayawa, ta tarar da Cyril yana ɗinkin ragar kaguwa. A tsaye ta gaya masa komai, awa ukun da rabi, kwanakin, hoton. Tana kallo fuskarsa ta saki, kafaɗunsa suka sauka, har da 'yar dariya.

"Na gode Allah. Yanzu hankalina ya kwanta, Trina. Bari in kira Mama."

"Yanzu ne ya kwanta."

"Ai kin ga an samu hujja."

"Da nas ɗin ba ta yi wannan tambayar ba fa? Da ina cikin waɗanda ba su makara ba, sai ka yi yaya da ni?"

Ya duƙar da kai yana juya igiyar a hannunsa. Ta ba shi lokaci sosai, don har ranta tana so ya sami amsa. Sai ya ci gaba da ɗinkin ragarsa.

"Sati uku ina gaya maka gaskiya a kicin ɗinka, ba ka ji ba. Agogon waya ya faɗa sau ɗaya, ka yarda." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Ɗan nan naka ne, zan haife shi, kuma za ka yi masa wanka kamar kowane uba. Amma ka kwashi kayanka ka koma wurin Mama, tunda can ake tace maka abin da za ka yarda da shi."

"Har yaushe?"

Ta zuge zif ɗin rigar sanyinta har wuya.

"Ban sani ba, Cyril. Ka jira, ka ji yadda jiran yake."