Yadda Na Kashe Tsohuwar Manhajar Riɗina da Hannuna

Hotunan riɗi na shekara huɗu, manoma goma sha ɗaya da ba sa kai wa kowa kaya sai ni, da sunan mai gaskiya a sikeli: abin da na mallaka ke nan lokacin. Ni dillalin riɗi ne a Daura, da buhu biyu na fara, kuma ina taƙamar ba a cuta ta. Wani injiniya mutumin Mashi ya haɗa mini manhaja mai koyo daga hotuna. In na ɗauki hoton riɗi a tafin hannu, sai ta faɗi yawan ƙasa da dattin da ke ciki. Da riɗin manomanmu ya koyar da ita, kaka bayan kaka, yana kuma gyara ta duk sanda waya ta canza.

Sai wata injiniya ta zo daga Kano, ta ce tsarin da aka gina tawa a kai ya tsufa, masu sana'ar sun koma wani, za ta gina mini sabuwa mai sauri. Ba ƙarya ta yi ba. Mutumin Mashi bai musa ba, ya dai roƙe ni in bar biyun su yi aiki tare ko da kaka ɗaya ce, a riƙa gwada amsarsu, domin abin da tsohuwar ta koya ba ya ƙaura da kansa. Na yi dariya, na ce masa abincinsa yake karewa. Na sallame shi, na daina biyan kuɗin ma'ajiyar hotunan a intanet.

Sabuwar da hotunan farin riɗi na wasu garuruwa aka koyar da ita. Na wajen garin Babban Mutum kuwa yana da ɗan ja, sai ta ɗauke shi datti. A tsakiyar kasuwa na ce wa wani dattijo mutumin can, cikin manomana, riɗinsa rabi ƙasa ne, na nuna wa mutane wayar. Ya ɗebo riɗin ya hura, ko ƙura ba ta tashi ba. Ya kira ni ɗansa, ya ce matansa kwana uku suka yi suna sheƙe shi, kuma tunda yake ba a taɓa kiran sa maha'inci gaban jama'a ba. Ya ɗaure buhunansa. A wajenmu wanda aka kunyata a kasuwa ba ya tafiya shi kaɗai, ƙauyensa duka suka bi shi.

Na koma wa mutumin Mashi ina ba shi haƙuri. Ya gwada tayar da tsohuwar, ta ƙi, domin wata takwas babu mai kula da ita, hotunan kuma an goge.

Ina jan kunnen 'yan'uwana 'yan kasuwa: kada ku kashe tsohon tsari sai sabon ya yi aiki kusa da shi kun ga bambancinsu, kuma ku riƙe mai gyaransa. Ni dai abin da na tsira da shi ladan injiniya ɗaya ne. Na rasa hotunan shekara huɗu da manoma tara. Dattijon nan har yau yana amsa sallamata, amma riɗinsa wani yake kai wa.