Takardar da na soke a azara

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har shekarun ƴaƴana sai na tsaya na ƙirga damina, amma ranar da masu awon fili suka shigo gonarmu ba za ta fita raina ba sai an rufe ni da ƙasa.

Garin Tawar da na tashi a ciki ba wannan ba ne da kuke gani. Gidajen ƙasa ne da rufin azara, da manyan rumbuna masu ciki kamar tulu. Jakai ke kawo ƙasar gini da ruwa, raƙuma su sauko daga arewa da gishiri, kamiyo kuwa, babbar motar kaya, sai ranar kasuwa, in ya yi ƙugi har mata su leƙo ta katanga. Kana fita gida na ƙarshe ta hanyar Affala, ka shiga gonaki. Tamu ce ta farko, kakan maigidana ya sare ta. A bakinta akwai wani gawo da mutum uku ba su rungume shi. Da rani, lokacin da kowane icce ya bushe, shi yake shar da ganye, Buzaye su durƙusar da raƙumansu a inuwarsa, ni kuma in kai fura in sayar. Duk garin an san gawon gidanmu.

Ranin da nake ba ku labari, maigidana ya tafi bida Abijan neman kuɗi kamar sauran mazan Adar, ya bar mini gida da gona. Ina zaune ƙarƙashin gawon da hantsi sai ga farar mota ta tsaya. Mutum uku suka fito da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa, da turakun siminti. Baƙo a gonarka ai sai ruwa. Na dama musu fura, ban karɓi ko sisi ba.

Babbansu ya ce, "Inna, gonar wa ce wagga?"

Na ce, "Kai baƙo ne lalle. Tamu ce, tambayi kowa."

Na tashi na zagaya da su iyaka da ƙafata, daga gamba zuwa kurna, daga kurna zuwa gawo, ina tafe ina taƙama, su kuma suna kakkafa turakunsu. Da za su tafi, babban ya miƙo mini takarda mai hatimi. Ya ce, "Tunda maigidan ba shi nan, ki kai a karanta miki yau ko gobe. Kada ki bari ta kwana biyu." Ban isa in yi masa ƙarya ba, ya faɗa mini sarai.

To ni ban shiga lakwal na yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na sani, rubutu ba a wulaƙanta shi, ba a barinsa inda ƙafa za ta taka. Na naɗe ta cikin sabon ƙyalle, na hau turmi, na soke ta a azarar ɗakina kusa da layun yara. Na ce in mai gona ya dawo, shi da kayansa.

Kuma ba wai babu mai karatu kusa da ni ba. Katanga ɗaya muke da wani malamin lakwal, mushe muke ce musu, da aka kawo daga gabas. Matarsa ce ta taɓa ganina a asibiti na riƙe katin awon yaro, ta yi dariya gaban mata ta ce, "Inna, a kife kika riƙe shi." Tun ranar na rantse ba mai sake ganin takarda a hannuna a gidan nan.

Mushen da kansa ya tare ni a ƙofa. Ya ce, "Inna, na ji masu awo sun raba takardu. Kawo taku in duba miki."

Na ce, "Mushe, gonarmu ta girmi lakwal ɗinka, ta girmi wanda ya gina ta. Mi takarda za ta gaya mini a kanta?"

Ya ce, "To, Allah shi sa alheri ne." Ya hau kekensa ya tafi. Ni kuwa na shiga gida ina jin na gaya masa magana.

Maigidana ya dawo gab da shuka. Washegari muka ɗauki kalme muka nufi gona. Tun daga nesa na ga sama ta buɗe inda ba ta saba buɗewa ba. Gawon yana kwance, ana faskara shi, kamiyo yana juye duwatsu a tsakiyar inda muke shuka hatsi. Wani mai gini ya ce mana hanya ce za ta bi nan, sauran kuma an raba filayen gidaje.

Muka juyo gida. Da na faɗa masa zancen takarda, ya ce in sauko da ita. Na sauko da ita fes, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Mushen nan dai da na kora, shi ya karanta mana ita a tsaye a zaure. Wai gari ya cim ma gonaki, duk mai gona ya je biro, ofishin hukuma, da shaidunsa kafin watan ya mutu, a ba shi filin gida biyu a madadinta. Watan ya mutu, wasu uku sun bi bayansa. Maƙwabtanmu na gona duk sun je, sun samu.

Maigidana ya yi ta sintiri biro har takalminsa ya tsinke, kullum a ce an rufe littafi. Bai buge ni ba, bai kore ni ba, da ma ya yi ɗaya. Ya dai juya takardar a hannunsa ya ce, "Kin ajiye ta da kyau." Har ya koma ga Allah gonar aro yake nomawa can wajen Kalfu, kuma bai sake ɗaga zancen ba.

Yau in na hau kabu-kabu na bi ta nan, kwalta ce da kantuna da bene. Daidai gindin gawon, mai facin taya ne ke zaune. Ba wanda ya san ni a wurin, ni da nake cewa a tambayi kowa.

Takardar tana nan cikin adakata, a ƙyallenta. Har yau ban iya karanta ta ba, amma ta koya mini abin da ban so koya ba. Rashin karatu bai ci gonarmu ba, tunda mai karatu ya zo har ƙofata. Kunyar in ce "ban sani ba" ce ta ci ta. Yanzu ko takardar magani aka ba ni, ba na barin wurin sai an karanta mini, mai dariya ya yi ta dariyarsa.