Kifin Kirsimeti da Ransa

Saura kwana uku Kirsimeti. Zdena mai kifi tana tsaye a bakin manyan bahunanta a kasuwar Tábor, ga wani tsoho a gabanta, ya sha kwat, takalma sun sha goga, sabon bokiti a hannu. Yana leƙen ruwan kamar mai zaɓen ragon suna.

"Baba, in kashe in gyara maka?"

"Rufa min asiri, 'yata! Da ransa nake so, a bahon wanka zai kwana."

Al'adar garin ce a ajiye kifin Kirsimeti da rai a bahon wanka, amma Zdena ta san ba mai hana kansa wanka saboda kifi sai don yara su gani.

"Jikoki za su zo ke nan?"

"Ba su ce ba tukuna." Ya nuna mafi girma. "Ba ni wancan."