Mai Bula za ta ajiye oba-oba

Kafin ta zauna da safe, sai ta kira asibitocin gari ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyin ba sa canzawa: akwai gado a ɗakin killacewa? Rigunan kariya sun isa? Makullin ƙofar baya yana hannun wa? Daga nan ta ɗauki rediyon oba-oba ta bi kan direbobin motocin ɗaukar marasa lafiya. Daga wani ɗan ɗaki a bayan ofishin lafiya take gaya wa kowace mota asibitin da za ta nufa. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Laƙabinta daga atisaye ya samo asali. Ko babu annoba, takan shafa wa wani ma'aikaci bular wanki a hannu, ta sa a kai shi asibiti a matsayin majinyaci, ba tare da ta sanar da kowa ba. In an gama, sai ta zagaya da ma'aikatan tana nuna musu shuɗi a mariƙin ƙofa, a benci, a kuncin nas. "Duk inda kuka ga shuɗi, ku ƙaddara gawa ce," haka take cewa.

Wani tsohon direba ya taɓa kawo mata ƙara: "Hajiya, uwargida fa ta tsare ni, wai wace ce ke min wanki a mota?"

"Ka ce mata ta gode Allah bula ce."

A irin wannan atisayen aka tsinci shuɗi a zanin jariri a babban asibiti, domin hanyar shigar majinyata ta gaban ɗakin haihuwa ta bi. Ta yi ta zarya har shugabannin asibitoci suka amince: duk mai alamar zazzaɓi mai zubar da jini, asibitin bayan gari za a kai shi, komai nisa.

Sai annobar ta zo. Wata rana da azahar, direban nan ya kira daga ƙofar wani gida, ya ce majinyacin yana aman jini kuma ya galabaita. Yayan Mai Bula ne. Matarsa ta matso tana kuka, muryarta ta cika ɗakin ta oba-oba: "Gwaggon yara, Yayanki ne fa! Ga babban asibiti nan bayan layinmu!"

Mai Bula ta danna oba-oba. Sannan ta ce, "Na ji ki, Anti. Direba, bayan gari. An buɗe maka ƙofar baya."

"Hajiya, anya zai kai?"

"Ka tafi."

Bai kai ba. Ma'aikata cikin rigar kariya ne suka yi masa sutura, dangi na hange daga nesa. Ita ce kuma ta tura motar da ta kai matar da 'ya'yan ɗakin killacewa. Har yau matar ba ta amsa gaisuwarta. Likitoci sun sha bamban kan ko zai rayu da an kai shi kusa. Abin da ba a gardama a kai shi ne cutar ba ta shiga ɗakin haihuwar ba.

Ke ce kika shimfiɗa ƙa'ida lokacin da ake miki dariya, kuma ba ki ɗage ta ba ranar da ta biyo ta gidanku. Mun gode, Mai Bula. Allah ya jiƙan Yayanki, ya sanyaya zuciyar iyalinsa.

Ga wanda zai gaji kujerar: gwangwanin bular yana cikin durowa, kada a bari ya bushe don an ga gari lafiya. Jariran da aka haifa a watan annobar sun shiga makaranta bana. Iyayensu mata suna wuce Mai Bula a hanya, ba su san ta ba.